Ƙullin Bakin Zanen Iya

Kwana bakwai ke nan matar jikana ta dawo daga kasuwar Cadakori da ɗanyar ayaba, ta zauna bakin ɗakina tana ɓarewa. Ban ɗaga kai ba, hancina ne ya gaya mini. Ɗanyar ayaba ba ta da ƙamshin nan na nunanna mai kiran ƙuda. Nata kamar na ɗanyen ganye ne da aka murje a hannu, da ɗan ɗaci a bayansa. Ina jin shi sai na ga hannuwan wata tsohuwa, sun sha man gyaɗa suna ƙyalli. Na ce wa yarinyar ta matsa can inuwar darbejiya. Ta kwashi kayanta ba musu, don a gidan nan ba a tambayata dalili. Ku da ba ku zaune a ƙarƙashina, ku zan gaya wa dalilin.

An san ni da ido. Surukaina sun sani, jikoki sun sani, har awakin gidan nan sun sani. Ko ina bayan ɗaki aka taɓa murfin tukunya, in na fito zan gane hannun wa. Mutane na yaba mini, suna cewa gidan da nake ba a ɓarna. Ni na san ranar da idon nan ya fara aiki, kuma ba da aikin kirki ya fara ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tibiri da Gidan Rumji, ba kan hanyar mota ba. Abin ya faru shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki. Ni ban ga sun miƙa komai ba, na dai ji maza a zaure suna cewa an canza tuta a buron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, kuma 'yan lakol biyu na garinmu, masu karatun boko, sun zo da wata sabuwar waƙa. Ni ba a sa ni lakol ba. Lokacin na kai in ɗauko ƙaramin tulu daga rijiya ban zubar da rabi ba, ku sai ku auna shekarun.

A gidanmu tsofaffi biyu ne mata. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, mai gida da rumbu da magana. Akwai kuma Iya. Iya ba ta haifi kowa a cikinmu ba, amma babu wanda bai hau bayanta ba, tun daga Baba har ƙanina na goye. Tsagen fuskarta ba irin namu na Gobir ba ne, wasu gajeru ne guda uku a kowane kunci. Da ita aka kawo Kaka ɗakin miji, tare da ƙore da tabarmi. An kamo ta tana ƙarama daga can Kurmi, kafin zuwan Nasara, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har ta faɗo gidan su Kaka. Da Nasara suka ce an hana bauta, ina za ta? Ba ta san sunan garinsu ba. Ta zauna. Kowa ya san wannan, kuma ba wanda yake faɗi. Akwai kalma ɗaya da ba ta shigowa gidanmu, kamar yadda kare ba ya shiga masallaci. Baba yakan durƙusa ya gaishe ta da safe bayan ya gaishe da Kaka. Ni kuwa ba ta kirana da komai sai "jikar bayana".

Na tuna ranar da maganar tuta ta iso, wani ƙanin Baba ya leƙo daga zaure yana zolayarta, ya ce Iya, an ce yau kowa ya samu 'yanci. Ta ce madalla, a miƙo mata taɓarya.

Baba fatauci yake yi bayan girbi. Yakan kai gyaɗa da fatu kudu, ya dawo da goro. Wannan shekara ya dawo lokacin da sanyi ya kankama, saura kamar wata biyu azumi. Bayan an sauke huhunan goro sai ya kwance wani buhu, ya fito da abin da ban taɓa gani ba: ayaba nono guda, yatsu bisa yatsu, na sama sun yi ruwan ƙwai, na ƙasa kore shar. Gida ya cika. Aka raba nunannun, kowa guntu. Gwaggona ta lasa ta ce sabulu ne, ta tofar. Wani tsoho maƙwabcinmu ya haɗa da ɓawo ya tauna, ya ce ba laifi amma ba ta kai goruba ba. Ni na cinye nawa, na lashe yatsu, na bi na ƙanina da ido.

Iya tana tsaye bakin madafa, ba ta matso ba. Da aka miƙa mata rabonta ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana shinshinawa, sai ta ba ƙanina. Idonta yana kan ɗanyun.

Kaka ta so a ajiye ɗanyun har azumi, don a yi buɗa baki da abin da ba kowa ke da shi ba. Baba ya ce ba za su kai mako ba, za su nuna su ruɓe. Inna, mahaifiyata, ta ce a yanka a shanya kamar kuɓewa. Nan Iya ta yi magana, ita da ba ta sa baki a shawara. Ta ce ba haka ake yi ba. In aka yi mata yankan kuɓewa aka baza a tabarma, baƙi za ta yi ta manne. Kaka ta dube ta, ta dubi ayabar, ta ce to ga ki ga ta.

Ni aka ba tsaro. Kaka ta ce a duk gidan ba mai idona, kaza ba ta gilma mini. Kaina ya kumbura ya kusa fin tulu.

Ban taɓa ganin Iya tana aiki kamar wannan safiyar ba. Daka da tankaɗe takan yi su kamar mai numfashi, hannu na yi, hankali na wani wuri. Wannan kuwa duk jikinta yana ciki. Ta jiƙa tsamiya a ƙwarya ta tace ruwan. Ta shafe hannuwanta da man gyaɗa, ta ce danƙon ayaba in ya kama fata sai ya kwana uku. Ta ƙi wuƙa, ta ce ƙarfe yana baƙanta ta. Ta samo karan dawa mai kauri ta fere ɓawonsa, irin mai yanke yatsan yara, da shi ta riƙa tsaga ɓawon ayabar ta zare da babban yatsa. Sai ta datse kan da gindin ta ture gefe, ta yanka tsakiyar sirara-sirara, faɗin kwabo, suna faɗawa cikin ruwan tsamiya. Daga nan ta tsame ta jera a faifai, ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Faifai shida. Ta ce ba a sa su ƙasa, bisa rumfa za su hau inda iska ke bi ta ƙasa da sama. Da azahar a juya kowane ɗaya da hannu. Kafin rana ta faɗi a shigar da su ɗaki, don raɓa ɗaya ta isa ta kawo fumfuna.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ci gaba da jera yankan a faifai. Can ta ce, ba ta dube ni ba:

"Ban san fuskar uwata ba, jikar bayana. Na yi ta nema, ta ɓace. Amma na san wani faffaɗan dutse, da hannunta tana jera wannan a kai. Tsakiyar ta masu gida ce, ta kasuwa ce. Ni kan da gindin take ba ni, in ya bushe in yi ta tsotsa. Shi ke nan abin da na zo da shi."

Ku riƙe wannan da kyau. Ta gaya mini. Duk abin da zan faɗa a gaba, kada wani ya yi mini uzuri da cewa yarinya ce ba ta sani ba. Na sani.

Guntayen da ta ture gefe, a wurinmu abincin akuya ne, kamar kan kuɓewa. Na gan ta ta tattara su, ta shanya su daban a kan wata fasasshiyar sakaina a bayan ɗakinta. Da yamma ta kwashe ta ƙulle a bakin zanenta, da safe ta sake shanyawa. Ba wanda ya lura sai ni.

Rana ta biyu yankan ya fara ƙanƙancewa, bakinsa yana lanƙwashewa, ƙamshi na saukowa daga rumfa. Ina zaune da tsumagiyata ina korar kaji, yawuna na tsinkewa. Da Iya ta sauko da faifai za ta juya, na miƙa hannu. Ta ɗan buge mini yatsu, ba da zafi ba, ta ce wannan na Kaka ne, amana ce, ko ita ba ta ci, in ta ciza don ta ji ko ya bushe ne. Na janye hannu. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na ce a raina, ni ɗiyar gida an hana ni, ita kuwa ga nata a ƙulle yana lilo a ƙugunta.

Rana ta uku labari ya gama gari, mata suka zo kallo bayan azahar. Sun kai takwas, har da matar ƙanin mai gari, mace mai dariya da baki duka. Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta ce Iya ta sauko da faifai ɗaya a gani. Suka yi ta taɓa baki, wannan ta ce kamar kuɗin Nasara, waccan ta ce ita dai kauɗar goro ta fi mata. Matar ƙanin mai gari ta tambaya yaya aka yi kaji ba su gama da shi ba. Kaka ta nuna ni, ta ce ga shahon gidan nan.

Duk suka juyo suna kallona. Ban taɓa samun ido da yawa haka a kaina ba, kuma ban so su ɗauke ba. Sai na ji bakina yana cewa kaji dai ba su taɓa ba, amma akwai mai taɓawa, a duba bakin zanen Iya.

Kaka ta gane inda aka dosa. Ta ce in tashi in ba awaki ruwa. Amma baƙuwar ta riga ta cafe, tana dariya ta ce a'a, a bar yarinya, ai yaro ba ya ƙarya. Kaka ba ta hana ba. Ba wanda ya ce wa Iya ta kwance. Ita da kanta ta ajiye faifan a hankali, ta sa yatsu ta warware ƙullin, ta buɗe a gaban kowa.

Guntaye ne baƙaƙe, sun yamutse, ba su cika tafin hannu ba.

Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce haba, wannan ai ko akuya sai tana jin yunwa. Wata ta ce shahon naku ɓera ya kamo ko ɓawo? Da an bar shi nan, da ya tafi a wasa. Kaka ma ta fara murmushi, ta samu mafita. Amma ni na ga dariyar ta juyo kaina. Kunnuwana suka yi zafi. Akwai wata magana da na taɓa ji a bakin rijiya, na ajiye ta ban san ranar amfaninta ba. Na ɗaga murya na ce:

"Ko na akuya ne, ai baiwa ba ta ɗauka sai an ba ta."

Na sha jin shiru a rayuwata, na gidan mutuwa, na gona da tsakar rana. Ban taɓa jin irin wannan ba. Mai dariyar nan ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwali. Inna tana bakin madafa, ta dafe ƙirji. Kaka ba ta motsa ba.

Iya ba ta dube ni ba. Ta kama bakin zanen ta kakkaɓe. Guntayen suka watsu a ƙasa, kajin da na kwana uku ina kora suka rugo, ban ɗaga tsumagiya ba. Kafin a ce me, sun tsince tas. Ta ɗaura zanenta, ta durƙusa gaban faifan ta shiga juya yankan ɗaya bayan ɗaya, ta ce rana na wucewa.

Baƙi suka zame ɗaya ɗaya, ba a ma yi rakiya ba. Na jira duka. Na so a dake ni, wallahi, don wanda aka daka ya biya. Kaka ba ta taɓa ni ba. Ta kira ni ɗakinta, ta bar ni a tsaye har ƙafata ta gaji, sannan ta ce:

"Bayan da ya goyi ubanki, shi kika tuɓe a gaban mutane. Ni kuma ina zaune."

Sai da na girma na gane rabin maganar ba da ni take ba.

Baba da ya ji, ya ture akushinsa. Ya je ya tsuguna ƙofar ɗakin Iya kamar mai neman iso. Ina laɓe ina kallo, don ko a ranar idon bai bar ni ba. Ba ta bari ya fara ba. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi tsadar goro, ta ce ya tafi ya ci tuwonsa kada ya huce.

Ta ƙarasa aikin, kuma ba ta rage komai ba. Kwana huɗu tana fitarwa da hantsi, tana juyawa da azahar, tana shigarwa kafin raɓa. Abu ɗaya ne ya canza. Da takan ciza don ta gwada bushewa. Daga ranar ba ta sake kai shi baki ba. Sai ta ɗauki ɗaya ta kai kunne ta karya, in ya ce ƙas ta ajiye gutsuren biyu a kan faifai, inda kowa zai gani. Da suka bushe ta zuba a sabuwar tukunya, ta rufe da sakaina ta liƙe bakin da laka, ta ɗauka ta kai ɗakin Kaka ta dire. Ni ina zaune a gindin rumfa duk kwanakin nan da tsumagiyata, ba wanda ya sallame ni. Ko sau ɗaya ba ta ce in matsa ba. Kewaye ni take yi, kamar turmi.

Azumi ya kama. Ranar farko Kaka ta fasa lakar, ga su fari tas, ko ɗaya bai yi fumfuna ba. Aka daka wasu aka dama a kunu, aka soya wasu da man gyaɗa aka barbaɗa gishiri. Kaka ta zauna da kanta ta zaɓi mafi kyau, masu faɗi, waɗanda ba su karye ba, ta cika sabon ƙoƙo har ya yi tozo. Ba ta ɗiba wa Baba ba tukuna. Ta miƙa mini ta ce in kai.

Tsakanin ɗakin Kaka da na Iya bai fi taku ashirin ba. Na shirya maganata tun safe, na maimaita ta a bakin rijiya, na maimaita a wurin awaki. Na tarar da ita zaune a kan 'yar tabarmarta, ta sha ruwa tana jan carbi. Na durƙusa, na ce Iya.

Ta ɗago kai, karo na farko tun ranar, ta ce:

"Me kika gano kuma, ɗiyar gida?"

Ba da faɗa ba. Da faɗa ne da na yi kuka, da kukan ya buɗe mini baki. Maganar da na shirya ta koma ciki ba ta sake fitowa ba. Na tura mata ƙoƙon. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce in gaya wa Kaka ta gode, Allah ya ba da lada. Ta dubi yankan nan masu kyau, ta ce:

"Tsakiyar ta masu gida ce. Ni ban san ɗanɗanonta ba."

Ta kira yaran gidan ta raba musu, ta ɗauraye ƙoƙon ta ba ni in mayar. Ko ɗaya bai shiga bakinta ba. Mun kai mata mafi kyau don mu wanke kanmu, mu duka har Kaka. Ba mu gane ba abin da take so kaji sun riga sun cinye, kuma daga ƙauyenmu zuwa inda ayaba take tafiyar kwana da kwanaki ce.

Iya ba ta ga wani sanyin ba. Ta kwanta da damina, gero na fitar da kai, kwana biyar ta cika. Har ta rasu tana yi mini kitso, tana cire mini ƙaya, tana ajiye mini ƙanzo. Amma "jikar bayana" ban sake ji ba. Kullum ina cewa gobe zan roƙe ta gafara. Baba ya sa aka rufe ta a jerin mutanen gidanmu, ya yi fatauci shekaru da yawa bayan nan, bai sake shigowa da ayaba ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Yanzu ayaba ta zama ba komai. Tana kan tire a kowace tasha, ana kawo soyayyarta a leda daga Maradi, yara su ci su yar da rabi. Kalmar nan da na faɗa, jikokina a tatsuniya kaɗai suka san ta, kuma gara haka. Ba su san an yi wata Iya ba, don ban taɓa samun bakin ba su labarinta ba. Surukaina suna tsammanin sun fi ni wayo in suka ƙulle ɗan sukari ko tsokar nama a bakin zane suka wuce ta gabana. Ina gani. Komai nawa ina magana a kai, gishiri, itace, ruwan randa. Wannan ɗaya ne nake kau da kai, su kuma su ce tsufa ya fara cin idon tsohuwa.

Ranar da matar jikana ta gama yankanta a inuwar darbejiya, da wuƙa ta yi, ban ce komai ba. Na gan ta ta tattara kan da gindin za ta watsa wa akuya. Na ce ta kawo nan. Ta kawo tana satar kallona. Na shanya su a sakaina bayan ɗakina, na juya da azahar, na shigar kafin raɓa. Jiya suka bushe. Haƙoran tauna sun ƙare mini, sai na sa ɗaya a baki na yi ta tsotsa. Bauri ne da farko, mai kama harshe. Sai ka yi haƙuri, can daga nesa wani ɗan zaƙi ya taso, kafin ka tabbatar ya tafi.

Sauran suna nan a bakin zanena. Ba su cika tafin hannu ba, jama'a. Abin da ya rage mata na uwarta ke nan duk duniya, ni kuma na gani.